Lusina 'Yar Kurmi

Jerome Avenue, Bronx, New York
20 ga Maris, 1991

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ibada, ya ƙafar da ke damunki? A gaida mutanen gida baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya ƙi tafiya, ga azumi ya same mu a cikinsa.

Albishirinki. Safiatu ta sauka ranar sha ɗaya ga Fabrairu da hantsi, mun sami 'ya mace. Na jinkirta rubutu ne don ban so in ba ki rabin labari. Haihuwar ta zo da saura fiye da wata guda, yarinya ta fito da cibiya naɗe a wuya, ba kuka ba motsi. Ke da kika shekara talatin da ɗaya kina karɓar haihuwa a Funtua, har da tawa, ba sai na faɗa miki yadda ɗaki ke yin tsit a irin wannan lokaci ba. Wata nas ce 'yar gajeruwa, mutuniyar Santo Domingo, ta karɓe ta ta yi ta aiki a kanta, ba ta ɗago kai ba sai da yarinya ta tsala kuka. Daga baya shawara ta kama ta, ta kwana goma sha biyu ƙarƙashin wata fitila a asibiti, kullum nas ɗin nan sai ta leƙo ta. Yanzu tana gida, tana shan nono kamar za a ƙwace mata.

Tun ranar farko na yi mata huɗuba, na raɗa mata sunanki a kunne. Kin yi takwara. Mutanen nan in na ce musu kakanki da kakan Baba wa da ƙani ne, sai su ce ai wannan ya wuce dangi. Ni kuwa tun rasuwar su Baba ba ni da babba sama da ke.

Sai dai ƙasar nan ba su san jiran kwana bakwai ba. Kwana biyu da haihuwa wata ma'aikaciya ta tsaya mini a ka da fom, wai sai an cika suna. Ni kuma ba zan tona sunan da ba a yanka wa rago ba. Na dubi ƙirjin nas ɗin nan na ga nata sunan, na kwafe shi a takarda. Lucina ake rubutawa, Lusina ake faɗa. Abin ma sai ya zo mana daidai, don kin san bakina ba zai iya kiran sunanki gatsau a tsakar ɗaki ba. Maimakon Ummi ko Mama da suka cika gari, Lusina muke ce mata.

Takwararki jaruma ce. Tagarmu tana daidai da layin jirgin ƙasa mai lamba huɗu, wanda ke bi ta kan gada a saman titi, in ya wuce har kofuna sai sun yi rawa. Ni shekara uku ban saba ba, ita ko gezau, barcinta take yi. Safiatu da Hausarta ta Zangon Kumasi cewa take, "Yarinyan ga bai tsoron komi." Na ce ai jinin Gwaggo ce.

Ki yi haƙuri da rubutun, a kan sitiyari nake yi, ina jiran maigidan ofis ya fito daga taro.

Ɗanki,
Zayyanu

Unguwar Dutse, Funtua
28 ga Afrilu, 1991

Zayyanu ɗana,

Ina gaishe ka, ina yi muku barka da shan ruwa da barka da arziki. Ƙafa da sauƙi. Ido ne ya fara yi mini gardama, ga tabarau ya karye hannu ɗaya na ɗaure shi da zare.

Da na karanta takardarka ni kaɗai na rangaɗa guɗa a ɗaki, da tsufana, har maƙwabta suka leƙo. Allah ya raya mini takwara, ya yi mata albarka. Wannan nas kuwa ta san aiki, irin hannun da ba ya rawa. Ka gaishe ta, ka ce wata tsohuwar ungozoma a Funtua ta yaba.

To, yanzu ka gyara zama. Na ɗauki takardar na kai wa Malam Shitu, tsohon hedimasta maƙwabcinmu, don in yi masa alfahari. Ka san ya yi Latin, harshen Rumawa, a kwaleji zamanin Turawa. Da ya zo kan sunan sai ya ajiye takarda ya ce, "Hajiya, wannan ai sunan abar bautar Rumawan da ce, ita matansu ke kira in naƙuda ta kama su." Na ce gunki ke nan? Ya ce gunki ke nan. Ko shayin da aka kawo mini ban ƙarasa ba na taso.

Sunana ka ba yarinya, saboda haka ina da ta cewa. Ba za a lulluɓe sunana da sunan gunki ba, a kuma rubuta shi a takardar gwamnati ya bi ta har kabari. In nas kake so ka girmama, a kai mata turmin atamfa mai kyau, zan aiko da shi. Ka je ka gyara takardar. Kuma ka riƙe wannan: bakina ba zai kira sunan nan ba, ko a gabanka ko a bayan idonka. Takwara zan ce.

Safiatu ta yi wankan jego yadda ya kamata, ko kun bar ta da ruwan famfo? Sannan batun jirgin nan. Ka ce kofuna na rawa ita ba ta motsi. Ko ɗan firgita ba ta yi, ko ƙifta ido? Ka ƙara lura ka faɗa mini.

Gwaggonka,
Rukaya ungozoma

Bronx
2 ga Yuni, 1991

Gwaggo,

Gaisuwa da ban girma. Muna lafiya, zafi ya shigo, takwararki ta yi kumatu har wuya ya ɓace. Wankan jego an yi, matan Gana da ke benenmu ba su bar mu mun huta ba.

Faɗanki ya iso, na karɓa hannu biyu. Ban yi fushi ba, laburare na tafi. Akwai wani kusa da Fordham Road, Asabar uku ina zuwa, har tsohon da ke kula da littattafai ya gane ni yana ajiye mini su tun kafin in iso. Malam Shitu ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa.

Rumawan da suna da wata babbar abar bauta da suke kira Juno. In batun haihuwa ne sai su ce mata Lucina. Sunan daga kalmarsu ta lux ya fito, wato haske. Ma'anarsa wadda ke fito da jariri daga duhun ciki zuwa haske. Gwaggo, wace ce wannan in ba ungozoma ba? Aikinki ne suka ba suna, sai dai su da suka ɓata suka ɗora shi a kan dutse. Kalmar ta girmi gunkin. Tun kafin su sassaƙa komai da ita suke kiran hasken rana da na fitila. Don wasu sun kira gunkinsu Haske, ba za mu daina cewa haske ba.

Na koma asibiti na tambayi mai sunan. Dariya ta yi ta yi, ta ce ita ba ta taɓa jin wata Juno ba, sunan kakarta ne da ke sayar da kifi.

Ki dubi saman takardar nan. Yuni na rubuta, sunan Juno ɗin nan ne da kanta. Maris sunan gunkinsu na yaƙi ne, Janairu na wani mai fuska biyu da ke tsaron ƙofa. Shekara talatin da ɗaya kina cika rajistar haihuwa da waɗannan sunaye, ban ji an ce imaninki ya ragu ba. Ki gafarce ni, ba rashin kunya nake yi ba. Amma matar nan ta tsaya a kan 'yata lokacin da ni ubanta na jingina da bango ina kallo kawai. Ba zan goge sunanta ba sai da hujjar da ta fi wannan.

Batun jirgi, nauyin barci ne, a wurina ta gada. Idonta kuwa kamar na shaho. In jirgin ya wuce da yamma hasken tagoginsa na gudu a bangon ɗaki, sai ta bi shi da ido tana ɓangala dariya.

Takarda ta cika, bari in matse wannan a gefe. Akwai maganar da ban so in ɓoye miki. Wasu masanan nan sun ce Lusina 'yar kurmi ce tun asali. Ban gama tabbatarwa ba, zan koma in ƙara bincike.

Ɗanki,
Zayyanu

Funtua
15 ga Muharram, 1412

Zayyanu,

Ka ga kwanan watan da na sa, sai ka nemi wani abin tsokanar. Muna lafiya, damina ta zauna sosai. Amma ni tun da takardarka ta zo ban ci abinci ya zauna mini ba.

Ka cika shafi guda da surutun Rumawa, sannan maganar da ta fi kowace nauyi ka matse ta a gefe kamar ƙafar kaza. Masana sun ce takwara 'yar kurma ce tun asali. Haka ake ba da irin wannan labari? Sau biyar na karanta layin, na kai shi bakin ƙofa inda haske yake na sake karantawa.

Ban yi mamaki ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Tun takardarka ta farko gabana ya faɗi. Jarirai sun fi dubu da suka bi ta hannuna, ban ga wanda za a saki ƙara a kansa bai watsa hannuwa ba. Bakwaini ko wanda ya zo kusa da haka, ga wahalar fitowa, ga shawara mai ƙarfi, na sha ganin kunne ya tafi ta wannan hanya.

Ka ce ba ka gama tabbatarwa ba. Ga yadda muke yi. In tana farke, hankalinta na wani wuri, a tsaya bayanta inda ba za ta ga ko inuwa ba, a buga murfin tukunya da ludayi. Kada a taka ƙasa da ƙarfi, za ta ji a jikinta ku zaci ji ta yi. A gwada dama, a gwada hagu. In ba ta juyo ba ku koma wurin masanan nan naku da wuri, kada ku tsaya jiran ta fara magana.

Matan gidan nan har sun fara cewa sunan ne ya jawo. Na tsawata musu. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Ka rungumi Safiatu da magana mai daɗi, uwa ita ke fara ɗora wa kanta laifi.

Gwaggonka

Bronx
18 ga Agusta, 1991

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Lafiya lau muke, kuma ki kwantar da hankalinki ki ci tuwonki.

Kurmi na rubuta, Gwaggo, kurmi mai itatuwa! Ba kurma ba. Na yi dariya a mota har wani ɗan sanda ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Laifin sitiyari ne da tabarau mai zare. Masanan da nake nufi ba likitoci ba ne, masu tonon asalin kalmomi ne, yawancinsu ma sun shekara dubu biyu a ƙasa. Kuma ba takwararki nake nufi ba, sunan nake nufi.

Ga bayanin. Tun a zamanin Rumawan kansu ba su daidaita a kan asalin sunan ba. Wasu suka ce daga lux ne, haske, kamar yadda na faɗa miki. Wasu suka ce a'a, daga lucus ne, wato kurmi. Wai a kan wani tudu a birnin Rum akwai kurmin tsofaffin itatuwa inda aka gina mata ɗaki, sai aka riƙa ce mata ta kurmi, kamar yadda za mu ce Ta Funtua. Can masu ciki ke zuwa, kuma ba a shiga da ƙulli a jiki, sai mace ta kwance ɗamara ta warware gashi, wai don haihuwa ta zo a kwance. Na ga bai kamata in kawo miki mai daɗin kawai in ɓoye ɗayan ba, shi ya sa na matsa shi a gefe. Ni dai na tsaya a kan haske.

Yarinya lafiyarta ƙalau. Ta fara zama, tana gane ni tun daga ƙofa. Ba zan tsaya bayan 'yata ina buga tukunya kamar mai korar fara ba. Na karanta wa Safiatu takardarki don mu yi dariya tare, ita dai ba ta yi ba, ta karɓa ta ce in bar mata. Kin san mata da ɗaukar magana.

Zan sa a kawo miki sabon tabarau ta hannun wani abokin aikina da zai zo gida.

Ɗanki,
Zayyanu

Funtua
3 ga Rajab, 1412

Zayyanu,

Ina fatan kuna lafiya. Wannan ce takarda ta uku da na aiko tun bayan taka ta kurmi, ba amsa. Tabarau ya iso tun kafin kaka, na gode, da shi na sake duba layin na ga ɗigon da ke kan harafin. Kurmi ne. Na yi kuskure, na kuma faɗa a gaban matan gida da Malam Shitu.

In fushi kake don na yi wa 'yarka mugun baki, ka yi fushin amma ka rubuto. Wata biyar ya yi yawa ga tsohuwa. Sai dai ko za ka ƙara wata biyar ɗin, sai na faɗa: idona ne ya karanta ba daidai ba, jirgin da ke wucewa ta tagarku ba ni na karanta shi ba. An buga murfin ko ba a buga ba?

Gwaggonka

Bronx
16 ga Fabrairu, 1992

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Jikinmu lafiya. Takardunki uku duk sun iso, suna cikin aljihun mota, kullum sai na ɗauko biro in mayar.

An buga. Washegarin ranar da na rubuto miki ina dariya, ina fita aiki Safiatu ta zaunar da yarinya ta yi yadda kika ce, dama da hagu. Da na dawo na same ta zaune a ƙasa da murfin a cinya. Ta ce, "Maigida, yarinyan ga bai ji komi." Na yi mata faɗa. Na karɓi murfin na buga da kaina har maƙwabcin ƙasa ya hau yana tambaya. Takwararki tana wasa da yatsun ƙafarta, ba ta juyo ba.

Asibiti sun yi gwaji sau biyu, sun manna mata wayoyi a ka tana barci. Kunnuwan biyu ne. Sun ce ko da na'ura abin da za ta ji kaɗan ne. Dalilan da suka lissafa su ne waɗanda kika lissafa daga Funtua ba tare da kin gan ta ba.

Ba fushi ya hana ni rubutu ba, kunya ce. Asabar uku na yi ina tonon asalin suna a littattafai, mai sunan tana gabana ban lura da ita ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne huɗuba. Na sunkuya na raɗa mata sunanki a kunne, ina jin na yi abin da uba ke yi, ashe ba ta ji ba. Ba ta taɓa jin ko ɗaya daga sunayen da muke ta jayayya a kansu ba.

Ranar Talata ta cika shekara. Na karɓo fom ɗin canza suna, yana nan a kan tebur na cika rabi. Na san abin da likita ya ce, na kuma san abin da na karanta, amma in na tuna maganar matan gida sai in sake ɗauko fom ɗin. Wa ya sani ko gardamata ce ta jawo mata? Kin ce in gyara tun farko na ƙi. Yanzu ki faɗi abin da za a rubuta, shi zan rubuta.

Ɗanki,
Zayyanu

Funtua
20 ga Ramadan, 1412

Zayyanu ɗana,

Ya ibada? Na karɓi takardarka, na yi kukana na share, yanzu saura magana.

Ka yaga fom ɗin nan. Suna ba ya toshe kunne. Da hannuna na karɓi kurame uku a garin nan, Muhammadu biyu da Fatsima ɗaya, wane gunki ne ya taɓa su? Yarinya ta zo da abinta tun kafin ka ga ƙirjin wata nas. Da na ce zuciyata ba ta kwanta ba, tsoro ne ya yi magana, na kuma tuba. Gardamarka ba ta jawo komai ba, sai ma alheri. Da ba ka tafi tonon kurmi ba, da ban yi karatun makafi ba, da har yanzu kuna yabon nauyin barcinta.

Na koma wurin Malam Shitu da takardarka ta kurmi, na ce ya raba mini gardamar nan, haske ne ko kurmi. Ya kwana biyu yana tonon akwatinsa, ya fito da wani littafi da gara ta ci bayansa. Ya ce masu binciken baya sun gano kalmomin biyu uwarsu ɗaya. Wai abin da Rumawa suka fara kira lucus ba duhun itatuwan ba ne, filin nan ne na tsakiyar kurmi inda rana ke samun hanyar sauka. Ka ga ashe kai da mutanenka na shekara dubu biyu kuna ta musu a kan abu guda. Wannan bai kai laburarenku ba, a Unguwar Dutse aka samo shi.

Na yi tunani a kan nas ɗin nan kuma. Da a ce wani Bature ya sa wa 'yarsa Rukaya don na cece ta, danginsa suka sa ya goge, da na ji ciwo. Sunan kakarta mai kifi ne, a bar mata.

Amma abin da na faɗa na faɗa. Na ce bakina ba zai kira shi ba, a gaban mutane na ce, kuma ban saba lashe magana ba. Takwara ce a wurina har in mutu.

Yanzu aiki. Kuramen kasuwar Funtua da hannu suke hira, har gulma suke yi, ba wanda ya kai su labari. Nan ma ba za a rasa masu koyarwa ba. Ku nema, ku koya ku biyu, kai ma kada ka bar wa Safiatu. Mai iya zaman laburare Asabar uku saboda kalma ɗaya ba zai gaza wannan ba.

Gwaggonka,
Rukaya

Bronx
11 ga Afrilu, 1993

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan an yi sallah lafiya. Muna lafiya. Gajerun takardun da nake aiko miki bana ba rowa ba ce, Asabar ɗina duk ta koma ajin maganar hannu. Safiatu ta fi ni nesa ba kusa ba. A maganar hannu babu "ya" na namiji babu "ta" na mace, ta ce a nan dai ba wanda zai gyara mata Hausa.

Takwararki ta iya kalma ta fi sittin. Madara, takalmi, jirgi, ƙarya kake. Wannan ta ƙarshen ni aka fi yi wa.

Ga dalilin takardar. Kurame ba sa harhaɗa haruffan suna kullum, kowa akwai alamar da ake yi masa, kuma ba kai ke zaɓa ba, wani kurma ne ke raɗa maka. Malamar ajinmu, wadda ita ma kurma ce, ta tambayi Safiatu ma'anar Lusina. Safiatu ta ba ta labarin duka, har da na Malam Shitu. Matar ta dubi yarinya ta ɗan jima, sannan ta haɗa yatsunta biyar wuri guda kusa da idon dama, ta buɗe su a hankali kamar an kunna fitila. Shi ke nan, an yi suna na uku, ba rago.

Yanzu in aka yi alamar daga ƙarshen ɗaki sai ta taho da gudu tana nuna ƙirjinta. Shi ne sunan farko da ta taɓa amsawa. Ga hoto biyu, ɗaya yatsu a haɗe, ɗaya a buɗe. Hotonki da ke bango kuma ta san shi, tana yi masa alamar tsohuwa mai tabarau. Ba ni na koya mata ba.

Ɗanki,
Zayyanu

Funtua
6 ga Yuni, 1993

Zayyanu,

Barka da sallah. Lafiya lau, sai ƙafa. Kwanan watan da ke sama kada ka ce komai a kansa.

Hotuna sun iso. Goshin babanka ne da ita, bakin kuwa nawa ne, Allah ya ba ku haƙuri. Batun tsohuwa mai tabarau, ka ce mata ina nan ina jiranta.

Na kwana uku ina gwada alamar nan a gaban madubi, yatsun sun tsufa ba sa buɗewa tare. Jiya na sa mayafina mai kyau na tafi wurin mai hoto na bakin tasha. Ya ce Hajiya sauke hannun ya rufe miki fuska, na ce kai dai ɗauka, ba kai ake kira ba.

Ga shi nan a cikin takardar. Kada ka sa shi a bango can sama, ka riƙe mata shi daidai idonta. Na ce bakina ba zai kira sunan nan ba, kuma bai kira ba. Ka nuna mata, sannan ka rubuto ka faɗa mini ko ta amsa.

Gwaggonka,
Rukaya ungozoma